Kofur Ɗin Dako: Shekara Uku Da Na Yi Ina Jinyar Kakana

Assalamu alaikum. Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Funtuwa, jihar Katsina. Ina da shekara 7 mahaifina ya rasu, a 1990. Da mahaifiyata ta fita takaba sai danginta suka zo suka tafi da ita, daga baya ta yi wani auren. Ni kuwa kakana ya ce ba inda zan je. A hannunsa na tashi.

Baba Kofur ake ce masa a garin, har liman da dagaci. Dogo ne, siriri, mai kaushin hannu, kuma ba shi da yawan magana. Ni yana kirana Kurtu. Duk sauran jikokin akwai wasan kaka da jika tsakaninsu da shi, su ja masa gemu, su ce za su ƙwace masa mata, ya yi dariya. Ni kaɗai ne ba ya wasa da ni sosai. Abin da na sani daga gare shi shi ne sa ido. Na je makarantar allo? Na ci abinci? Wa ya dake ni?

Akwai abu biyu da yake yi da suka ishi kowa a gidan. Na farko, ba ya sa hannu a akushi sai an tabbatar masa kowa ya ci, har almajirin da ke kwana a zaure. Tuwonsa ya sha yin sanyi, miyar kuka ta daskare, kakata tana mita. Na biyu, bayan sallar isha'i sai ya ɗauki fitilar ƙwai ya bi ɗaki-ɗaki yana ƙirga mu. Ba ya kiran suna, lamba yake yi a hankali, leɓensa na motsi. In ya zo kan mu yara maza sai ya yaye mayafi ya haska ƙafafunmu, ya buɗe tsakanin yatsu yana duba ko akwai ƙaya ko ciwo. In mutum ɗaya bai dawo ba, to ranar babu mai barci. Zai ja kujera ya zauna a ƙofar gida har sai wancan ya shigo.

Mun san ya je yaƙin Hitila, ya je Bama. Ina alfahari da hakan har na kai aji biyar a firamare, ranar da wani yaro ya ce mini a gaban jama'a: "Kakanka ba soja ba ne, ɗan dako ne. Ko bindiga ba a ba shi ba." Muka yi dambe, na fasa masa baki. Da na dawo gida na same shi yana gyaran igiyar shanu, na tambaye shi. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Kaya na ɗauka." Shi ke nan.

Daga ranar wani abu ya ragu a zuciyata game da shi, kuma na daɗe ban gane ya ragu ba. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, yakan fito da wata tsohuwar hular kaki, ya maƙala lambobinsa a kan farar riga ya tafi hedikwatar ƙaramar hukuma. Yakan ce in raka shi. Kullum sai na sami uzuri.

Shi ya sayar da sa ya biya mini kuɗin sakandare. Shi ya sake sayar da wani ya ba ni jari lokacin da na tafi Kano a 2005, na fara zama yaron shago a Kantin Kwari. Allah ya buɗa mini. Kafin 2012 ina da shagona na atamfa da shadda, na yi aure, na sayi mota. Gida kuwa sai da sallah, shi ma in zo da hantsi in juya da la'asar. Nakan ajiye masa kuɗi a gefen tabarma da turmin yadi, in ce ina sauri saboda hanya. Wata rana ya riƙe mini hannu ya ce, "Kurtu, ka kwana mana, akwai maganar da nake so mu yi." Na ce sai wani zuwan. Wani zuwan ma haka na ce.

Sai 2016 ta zo. Duk ɗan kasuwar da ke sayar da kayan waje ya san shekarar nan. Dala ta yi ta hawa har ta doshi naira 500 a kasuwar bayan fage. Na karɓi kaya bashi da lissafin dala, na rabar wa 'yan sari bashi da lissafin naira. Ba sai na yi dogon bayani ba. Mota ta tafi, shago ya tafi, kuɗin haya ya gagara. Matata ta koma gidan iyayenta da yara biyu, ba saki ba ne, amma kowa ya san abin da ake nufi da "ki je ki ɗan huta". Farkon 2017 na sauka a tashar Funtuwa da jaka ɗaya, na jira sai da duhu ya yi kafin in hau babur zuwa ƙauye, don kada a gan ni.

Kwana uku da dawowata baffannina suka zauna. Baba ya haura shekara 90, yanar ido ta rufe masa gani, ƙafa ta daina ɗaukarsa, fitsari yana ba shi wahala. Kakata ta rasu tun 2009, ɗaya matar tasa ita ma jikin ya yi nisa. Babban baffana ya ce, "Tunda kai ne ba ka da abin yi yanzu, sai ka koma ɗakin Baba." Bai faɗa da mugun nufi ba. Amma "ba ka da abin yi" ta zauna mini a maƙoshi kamar ƙashin kifi.

Masu cewa jinyar tsoho lada ce sun yi gaskiya, sai dai ba sa faɗin yadda take. Da asuba in ɗaga shi in zaunar a kan fo, in kai in zubar, in wanke. In ɗora ruwa, in yi masa wanka a zaune a kan kujera 'yar tsuguno, in shafa masa man kaɗanya a baya da ƙugu don kada kwanciya ta ci masa fata. In yi masa alwala, in juya shi ya fuskanci gabas. Kunu da cokali, kuma ba zai buɗe baki ba sai ya tambaya, "Yara sun sha?" A lokacin wanka ne na fara lura da tsakiyar kansa. Akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu da fatar ta yi kauri ta yi santsi, gashi bai fita sosai. Na ɗauka tsufa ne.

Ina yin duk wannan, amma zuciyata ba ta wurin. Wayata na ƙara, masu bin bashi ne. Ina ganin sa'o'ina a Facebook suna ɗora hoton Umara, ni ina wankin zanen gado mai zarni. Dare ya fi komai wuya, musamman da damina ta sauka. Da ruwa ya fara dukan kwano, aka yi tsawa, sai ya farka ya fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, har goma sha ɗaya. Sai ya tsaya. Sai ya ce, "Saura ɗaya." Ya sake daga farko. Wani daren a watan Agusta, bayan ya yi haka ya fi sau goma, na tashi zaune na daka masa tsawa. Na ce, "Baba, don girman Allah ka bar ni in yi barci! Yaƙin nan an gama shi tun ba a haifi ubana ba!"

Ya yi shiru. Can ya ce, da murya sarai kamar ba shi ne mai ruɗewa ba, "An haife shi. Yana goye."

Ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Kunyar tsawar da na yi ce ta dame ni, har washegari na kasa haɗa ido da shi, duk da ba gani yake ba.

Rediyonsa kullum tana kusa da matashinsa. A watan Satumba na shekarar labarin da ya cika sashen Hausa na gidajen rediyon waje shi ne na Musulmin Rohingya, ana ƙona ƙauyukansu a ƙasar Miyanma, suna tserewa Bangaladash, har daga baya adadinsu ya haura 700,000. Wata safiya mai karanta labarai ya ce Miyanma, wadda a da ake kira Bama. Baba ya ɗaga hannu. "Wace Bamar? Wane gefe?" Na duba waya na ce jihar Rakhine ce, da can sunanta Arakan. Na karanto masa garuruwan da ake ambata, Maungdaw da Buthidaung. Mutumin da sai an ɗaga shi, ranar da kansa ya dafa bango ya tashi zaune. Ya ce, "Butidon. Na sha ruwan garin nan."

Dare uku ya yi yana ba ni labarin da na ƙi tsayawa in ji shekara da shekaru.

A 1943 aka aiko wa hakimi a kawo samari, hakimi ya aika wa dagatai. Su biyu aka ɗauka a ƙauyenmu, shi da amininsa da suka yi kiwo tare, aka yi musu kaciya tare. Baba bai yi aure ba a lokacin. Aminin nasa kuwa yana da mata da jariri. Aka kai su Zariya aka koya musu fareti, aka sa su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga baya jirgin ruwa. Ya ce mako da makonni ba ka ganin komai sai ruwa, mutanen da ko kogi babba ba su taɓa hayewa ba suna ta amai suna salati. Suka sauka, aka ƙara horar da su a Indiya. Rundunarsu ita ce ta 82 ta Afirka ta Yamma, 'yan Najeriya da 'yan Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. Ya ce Hausa ce harshen bariki, har Turawan hafsoshi da ita suke ba da oda, wasu da karyayyen harshe mai ban dariya.

Dalilin dakon kuwa shi ne ƙasar ba ta da hanyar mota. Duwatsu ne masu tsayi, da kurmin gora, da rafuka ba iyaka. Sai aka tsara rundunar a kan kan mutum. Jiragen sama su zo su sako kaya da lema, su kuma su tsince su ɗora. Akwatin harsashi, buhun shinkafa, rediyon oda, igwar da aka warware gunduwa-gunduwa. Makaminsu adda, da ita suke sare hanya. Gammo kuwa in ya jiƙe da gumi ya bushe sai ya zama kamar dutse. Ya kama hannuna ya ɗora a tsakiyar kansa, wurin nan mai santsi. Ya ce, "Ga bindigata."

Ya ba ni labarin matsattsaku, yadda take shiga cikin takalmi ta sha jini ba ka sani ba sai ka ga safa ta yi ja, sai a ɗora mata wutar taba ta saki. Da wata ƙwaya rawaya ta zazzaɓin sauro da ake tsare su a layi su haɗiya. Da yadda ƙafa ke ruɓewa tsakanin yatsu in ta kwana a jiƙe, shi ya sa kofur ke duba ƙafar kowa da dare. A nan na gane fitilar ƙwan nan da ake haska mana muna yara.

A Disambar 1944 suka shiga Buthidaung, a bakin kogin Kalapanzin. A Janairun 1945 suka haura duwatsu suka haɗu da runduna ta 81 aka karɓi Myohaung. Daga nan suka nausa kudu, wajen Dalet da Tamandu. Sunayen nan sun daki kunnena, don na sha wucewa ta gaban barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna ban taɓa tambayar ma'anarsu ba. Har barikin Dodan na Legas, inda shugabannin soja suka yi mulki kafin a koma Abuja a 1991, sunan wani wuri ne a can. Mun riƙe sunayen a jikin allon ƙofa, mutanen da suka taka wuraren da ƙafa kuwa mun bar su suna layi da hular kaki sau ɗaya a shekara.

A lokacin an ba shi igiya biyu, yana da mutum goma sha biyu a ƙarƙashinsa. Wata rana aka ce su kwaso masu rauni daga kan wani tudu su sauko da su bakin rafi. Mutum huɗu-huɗu ke ɗaukar gado ɗaya. Aminin nasa yana fama da gudawa kwana biyu, sai Baba ya tausaya masa, ya cire shi daga ɗaukar gado, ya ba shi jakar magani mara nauyi ya ce ya biyo baya a hankali. Japanawa suka buɗe wuta daga cikin gora. Kowa ya ruga da abin da ke kansa. Da magariba suka isa, ya ƙirga. Goma sha ɗaya.

Ya ce daren nan ya ƙirga ya fi sau ɗari. Da gari ya waye ya roƙi izini, aka haɗa shi da masu bindiga biyu suka koma. Suka same shi a gefen hanya, jakar tana rataye a wuyansa. Da adda suka haƙa rami, bargonsa ne likkafani. Wasu mutanen ƙauyen da ke ɓoye a kusa suka fito, ashe Musulmi ne, har da wani dattijo mai farin gemu. "Ba ma jin yarensu, ba sa jin namu," in ji Baba, "amma da tsohon nan ya ce Allahu Akbar, kowa ya san inda zai tsaya." Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce ko jikokin mutanen nan ne ake kora yanzu.

Na tambaye shi ko marigayin ya bar masa wasiyya. Ya ce a'a, bai samu bakin magana ba. "Ba wanda ya ɗora mini. Ni na ce ya tsaya a baya."

A 1946 aka dawo da su. Da ɗan kuɗin sallamar da aka ba shi ya sayi gona da saniya. Ya tarar da matar amininsa a gidan ubanta da yaro ɗan shekara uku. Shekara na zagayowa ya aure ta. Ya tara danginsa ya ce duk wanda ya kira yaron nan agola, ko da wasa, ba shi ba shi. Da yaron ya balaga ya zaunar da shi ya gaya masa sunan ubansa, don nasaba ba abin ɓoyewa ba ce. Amma a gida da waje ɗansa na fari ne.

"Yaron nan shi ne ubanka, Kurtu. Shi ya kamata ya gaya maka, Allah bai ba shi kwana ba. Na so in faɗa tun kana zuwa da mota. Ina tsoron in mutu da sunan kakanka a bakina." Sai ya faɗi sunan, da na uban, da na kakan, ya sa na maimaita sau uku.

Zan faɗi gaskiya, abin da na fara ji fushi ne. Na fita na zauna bayan rumbu har aka kira assalatu. Ashe duk manyan gidan sun sani. Da safe na tare gwaggona a madafa, ta ce, "To da mun faɗa maka me zai ƙaru? Akwai abin da aka yi wa wani ba a yi maka ba?" Na rasa amsa, don in lissafi za a yi, an yi mini abin da ba a yi wa wasu ba. Shanu biyu aka sayar a kaina. Jikokinsa na jini da yawa firamare suka tsaya. Ni kuma na riƙa ajiye masa kuɗi a gefen tabarma kamar mai biyan haraji.

Bayan wata biyu wani tsohon maigidana a Kwari ya kira ni, ya ce in dawo in riƙe masa shago, zai riƙa cire bashin a hankali. Dama ce mai kyau, kuma surukaina suna jiran su ji na kama wani abu. Na yi kwana huɗu ina juya maganar. Ƙannen babana ma suka ce in tafi, za a sami wani yaro ya kwana da Baba. Na kira maigidan nawa na ba shi haƙuri. Ban ce na yi dabara ba. Mahaifin matata ya aiko cewa in ba zan iya ba in sawwaƙe mata, kuma saura ƙiris a yi hakan. Ita ce da kanta ta ce za ta zo ƙauyen ta gani. Ta zo a 2018 da niyyar mako biyu, tana nan har yau, ko da yake shekarar farko kusan kullum sai ta yi kuka saboda ɗaukar ruwa da rashin wuta.

Kuma ban zama waliyyi ba. Na ci gaba da gajiya, wani lokacin in yi tsaki in ya ɓata shimfiɗa bayan na gama canzawa. Abin da ya canza shi ne dare. Da ya fara ƙirga ya kai goma sha ɗaya ya ce saura ɗaya, sai in matso in kama hannunsa in ce, "Ga ni, Kofur. Sha biyu." Wani lokacin ya yarda ya koma barci. Wani lokacin ya shafa fuskata ya ce, "Kai Kurtu ne," ya yi 'yar dariya. Bayan isha'i kuma ni nake zagaya gidan da tocila in dawo in ba shi rahoto, mutum 31 har da jarirai.

Na taɓa tambayarsa me ya sa bai koma ba a 1967, lokacin da aka nemi tsofaffin sojoji su dawo saboda yaƙin basasa, alhali wasu abokansa sun koma. Ya ce lokacin yana da 'ya'ya tara, kuma wanda zai ƙirga su ba ya nan in ya tafi.

A shekarar 2018 ɗin ya sa aka kira liman da baffannina, ya ba ni gonar nan ta farko kyauta a gaban shaidu, aka rubuta. Ya san ko ta wace fuska ba ni da rabo a gado. Babu wanda ya yi gardama a gabansa, ko da yake na ji ƙananan maganganu daga baya.

Ya rasu cikin sanyin Disambar 2019, daren Alhamis, yana da shekara 95 a ƙiyasi. Ba wani ciwo na daban, numfashi ne ya yi ta raguwa. Ina riƙe da kansa, babban baffana yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ni da liman muka yi masa wanka. Da na zo zuba ruwa a tsakiyar kan nan, sai da liman ya karɓi butar daga hannuna.

A akwatinsa na ƙarfe mun sami hular, da littafin sallama da gara ta cinye rabinsa, da lambobi uku. Ɗaya tauraro ce mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, ita ce ta waɗanda suka yi yaƙin Bama. Baffana ya riƙe biyu, ya miƙo mini tauraron.

Yanzu noma nake yi, masara da waken suya, da rani kuma ina kasa yadi a kasuwannin ƙauye. Bashin Kano na biya fiye da rabi. Kwanakin baya wani ƙanena mai karatu a Zariya ya nuna mini a waya cewa a maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai ginshiƙan dutse da aka rubuta sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma ana iya neman suna ta intanet. Muka nema. Turawa kan rubuta sojan Hausa da sunansa da sunan garin da ya ce ya fito, sai muka tarar masu irin sunan kakana sun fi ɗaya, kowa da lambarsa. Baba ne kaɗai zai iya sanin lambar amininsa, ni kuma ban tambaye shi ba. Na kwafe su duka, suna da lamba da ranar rasuwa, a bangon baya na littafin da nake lissafin bashi.